Zaren da Inna Ta Hana a Ƙulla

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta da alayensa da sahabbansa.

Daga uwarki da ke Wad Haddad zuwa ga autata Kulu a Abu Hujar. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki lafiya, ke da mai gidanki da mutanen gidansu baki ɗaya. Ki shafa mini kan 'yar jaririyar nan mai sunan Inna, ki ce mata kakarta tana gaishe ta. Allah Ya tsare ku daga sharrin ruwa da na tudu, da sharrin abin da ke tafiya da rana da wanda ke tafiya da duhu.

Kawunki Isa ne ke rubutawa, ni ke faɗa. Na sa ya yi mini alkawari ba zai rage ba, ba zai ƙara ba, ba zai sa wa maganata man shanu ba. Kin san halinsa, ko kare zai kora sai ya ba shi haƙuri tukun. Saboda haka in kin ji magana ta yi kaushi, tawa ce. In kin ga tawada ta baje a wani wuri, wannan nasa ne, mutum ya tsufa zuciyarsa ta zama ta mata.

Saƙonki ya iso ta bakin masu dawowa daga kasuwa. An ce kin ce mai gidanki ya wuce Makka shi kaɗai bana, ke kuma in jirgin ƙasa ya kawo ku Sinnar za ki sauka da goyonki, ki zo ki yi jinyar idona har a gama ɗiban auduga, sai baɗi ki bi shi. Ranar da na ji wannan magana ban iya cin tuwo ba. Asabe matar kawunki ta zaci daɗi ne ya cika mini ciki, har tana cewa Allah Ya yi wa Kulu albarka. Tsoro ne ya kama ni, Kulu, irin wanda ban ji ba ko ranar da hakim, wato likita, ya ce idon nan ba zai dawo ba. Kalmar nan baɗi na san ta, ni na raine ta a ɗakin nan har ta ga furfurata. Don haka na aiko miki da wannan takarda da ƙullin kayan da ke tare da ita, kafin ki ɗaure kayanki.

Bari in fara da labulen ƙofata. Kin tuna yadda bakinsa ke warwarewa kullum, kina ƙarama kina jan zaren kina gudu, ni ina bin ki da mafici? Kin sha tambayata me ya sa ɗinkina ba ya zama, alhali duk unguwa an san hannuna. Ina ce miki zaren ne ba shi da kyau. Zaren lafiyarsa lau, ƙullawa ce ba na yi.

Haka Inna ta koya mini, kakarki ke nan, Allah Ya jiƙanta. Sun taso daga ƙasar Sakkwato ita da babana ina goye, da niyyar Makka. Tafiyar ƙafa ce ta shekaru, a yi noma a wannan gari a sami guzuri, a ƙara gaba. Babana ya rasu a hanya tun ban san fuskarsa sosai ba, an haifi Isa bayansa. Da suka iso nan aka ce akwai aikin auduga, a tsaya ɗiba ɗaya a ƙarasa. A duk tsawon hanyar nan Inna ba ta taɓa ƙulla ƙarshen zare ba. In ta ɗinka labule ko rigar katifa ko buhun hatsi, manyan taku take yi, ta bar jelar zaren tana lilo. Ranar tashi sai ta ja jelar, ɗinkin ya zube gaba ɗaya, ta naɗe zaren a tsinke, ta ninke ƙyallen, a kama hanya. Zare yana da tsada a daji, ƙyalle shimfiɗaɗɗe kuma ya fi daɗin ɗauka.

Ranar da na fara riƙe allura, na gama ɗan ɗinkina na naɗa zaren a yatsa zan ƙulla yadda na ga 'ya'yan maƙwabta suna yi, sai ta buge mini hannu. Ta ce, "Ke ɗiyar ga, mi kika shirin yi? Nan munka zo zama? Mai ƙulli shi aka bari baya. Mu matahiya na." Daga ranar ban sake ba. Na yi aure ban ƙulla ba, na haife ku ban ƙulla ba. Rigunanku na sallah ma haka na ɗinka su, ana tsakiyar yawon sallah hannun rigar yayanki Sani ya zame, yara suka yi ta yi masa dariya ya dawo gida yana kuka.

Ba a zare kaɗai abin ya tsaya ba. Batul maƙwabciyata Balarabiya ta taɓa kawo mini dashen lemun tsami, na ce ta bar shi, wa zai sha? Mu da za mu tashi baɗi. Ta dasa nata. Yau a inuwarsa nake zama in rana ta yi zafi, jikokinta suna jifan 'ya'yan. Katangar gidan nan ta kara ce har gobe, don babanki bai ga amfanin ginin ƙasa ga mai wucewa ba. Mun zauna a wuri guda har muka tsufa, kullum ƙafa ɗaya a waje. Mutanen ƙasar nan kuwa duk inda suka ga Bahausa sai su ce ya Hajja. A kasuwa ya Hajja, a bakin rijiya ya Hajja, ni da ko gishirin teku ban taɓa shaƙa ba. Da ina amsawa da fara'a, ina cewa bakinku ya faɗa a na mala'iku. Yanzu in na ji sai in ji kamar an taka mini gyambo.

Ga abin da nake so ki riƙe a nan. In za ki tafi, ki tafi. In za ki zauna, ki zauna da gaske, ki dasa itace, ki yi katanga, ki ƙulla zarenki. Zaman da na yi, wanda ba tafiya ba ne kuma ba zama ba, kada ki kusance shi. Yana cinye mutum ba ya ko jin zafi sai ya waiga.

Yanzu ga babbar maganar, kuma ita ce dalilin takardar nan. Kin san sau ɗaya tak tafiya ta taɓa kama mu da gaske, ni da babanki? Ba na jin na taɓa ba ki labarin yadda ya kamata. Shekarar auduga ta yi kyau, Sani yana goye, ayari ya haɗu, har babanki ya sayar da jakinsa. Na bi ɗaki na ja jelar kowane zare, labule ya sauka, komai ya ninku. Sai Inna ta kwanta. Zazzaɓi ne da farko, daga baya ƙafafu suka kumbura, ta kasa tashi. Na dubi babanki na ce ba zan iya barin uwata a wannan hali ba, a bari sai baɗi. Mutumin kirki ne, ya haƙura. Ya raka ayari tasha, ya dawo, ya nemi aikin ban ruwa a hawashar wani, wato gonar audugar da hukuma ke ba mutum ya noma. Ni kuma na mayar da labulen da manyan taku.

Inna ba ta warke ba, ba ta kuma mutu ba. Ta daɗe a kwance, damina tana zuwa tana wucewa. Guzuri ya tafi a magani da hatsi. Aka haifi na bayan Sani, waɗanda suka tsaya da waɗanda suka koma. Ni kuwa ina juya ta, ina wanke ta, ina kore mata ƙuda, zuciyata fari ƙal, ina ganin na yi abin da 'ya ta gari ke yi. Kowa ya shigo sai ya sa mini albarka, kamar yadda Asabe ta sa miki.

Wata ranar Juma'a da hantsi, kwanaki kaɗan kafin ta cika, ina ba ta kunu sai ta kawar da kai. Ta kafa mini ido ta ce, "Ke, wa yac ce ki tsaya?"

Na ce, "Inna, ai don ke nit tsaya."

Ta ce, "Don ni? Ni na baro uwata da ranta, tana tsaye bakin garka tana kirana, ban waiga ba, don in kai ki gaba. Ke ko kin zamna kina kore min ƙuda. Mi nis samu? Ga ni nan zan mutu Wad Haddad, ke ma nan za ki mutu. Tahiyar da munka yi duk ta zama banza."

Na ajiye ludayin na fita bayan ɗaki na yi kuka har muryata ta dushe. Na ji haushinta, wallahi na ji, na ce tsufa ne da ciwo suka sa ta butulci. Na riƙe haushin nan shekaru. Sai yanzu da nake zaune a inda ta kwanta, ƙuda yana sauka a idona ina jiran wani ya kore, na gane ba butulci ba ne. Gaskiya ta faɗa mini, ta makara ne kawai wajen faɗa. Ni ba na so in makara.

Kulu, jinyar da kike shirin zuwa yi ba ta da ranar ƙarewa. Idona ba zazzaɓi ba ne da za a ce ya sauka. Jikina kuwa garau yake, ina cin tuwo fiye da kawunki, zan iya kai wasu shekaru ina zaune a bakin ƙofar nan. Za a gama ɗiban auduga ki ce sai na ɗan saba da sanda. Baɗi ki ce yarinya tana haƙora. Mai gidanki ya gaji ya dawo ya zauna saboda ke, ko ya zauna can ba ke. Babanki duk shekara in mahajjata za su tashi sai ya raka su tasha, ya riƙe musu kaya, ya dawo ya zauna a zaure ba ya magana har washegari. Bai taɓa cewa ke kika jawo ba. Da ya faɗa da ya fi mini sauƙi. Yana can kwance a maƙabartar bayan babbar tur'a, inda ruwan gonaki ke wucewa, an juya fuskarsa gabas.

Kawunki ya ajiye alƙalami ya ce in sassauta, wai zan karya miki zuciya. Na ce ya ɗauka ya ci gaba. Shi da aka haifa a hanya kuma bai taɓa wuce garin Madani ba, ba shi da bakin magana a nan.

Sai maganar ido, don ita ma da hannuna a ciki, kuma kina da goyo. Bayan rasuwar Inna na ce bari in tara sabon guzuri da hannuna. Batul ta koya mini saƙar kwarashi. Babanki ya gyara mini ƙugiyar daga wayar ƙafar keke, ya goge bakinta a dutse har ta yi santsi. Na kama saƙa farar tagiya irin ta mazan ƙasar nan, mai ƙananan idanu, ana kai mini kasuwa. Saƙar ta shiga raina tun ranar farko, kin san dalili? In kika ja jelarta duk sai ta warware, kamar ɗinkin Inna. Na ce wannan sana'ar matafiya ce. Na yi ta saƙa a cikin ɗaki mai duhu da hayaƙin girki, farin zare a kan farin zare, ido yana ruwa ina sharewa da bakin zane ina ci gaba. In Batul ta ce, "Ya Hajja, fito haske mana, haram alaiki," sai in ce saura layi ɗaya.

Amma ba saƙar kaɗai ta ci idon ba. Lokacin ɗiban auduga ƙuda yakan yi yawa, ciwon ido ya bi yara gida gida, su tashi da safe kwantsa ta manne musu ido. Ni kuwa uwa mai tsabta a ganina, duk wanda ya zo sai in kama haɓar zanena in share masa. In share wa Sani, in share miki, in share wa ɗan maƙwabta, in share nawa, duk da haɓa ɗaya. Tsinken kwalli ma ɗaya ne a gidan. Sai da hakiya ta rufe wa Sani idon hagu muka je shafahana, wato asibiti, hakim ya tambaye ni da me nake share musu. Na ɗaga haɓar zanen na nuna masa ina alfahari. Ya riƙe kai ya ce da wannan na yi ta raba musu ciwon. Sani yana can Damazin yana aikin madatsar ruwa da ido ɗaya. Bai taɓa yi mini gori ba, amma duk sanda ya juyo da kansa gaba ɗaya don ya dubi mai magana ta hagunsa, sai in ji abin a ƙirjina. Nawa kuma ya yi ta dawowa duk shekara, har gashin idon ya juya ciki yana gogar ƙwayar. Asabe tana cire mini da matsefata, ya sake fitowa. Yanzu abin da ya rage mini shi ne in bambanta rana da inuwa.

Saboda haka ki ji da kyau. Inda za ku akwai cunkoso, a jirgin ƙasa da wurin jiran jirgin ruwa a Sawakin da can kanta. Kowa da adikonsa na share fuska, mandil ɗin nan da 'yan matan yanzu ke cewa. Na yarinya daban, naki daban, na mai gidanki daban. Kada kunya ta sa ki ara wa kowa, ko matar liman ce. In ya yi datti ki wanke da sabulu da ruwan zafi, ki shanya a rana tsantsa, kada a inuwa, ki ninke ki sa a inda ƙuda ba ya kaiwa. Haɓar zanenki kuwa ta ɗaura goyo ce, kada ta kusanci idon 'yar nan. In za ki yi saƙa ki fito fili, in ido ya fara ruwa ki ajiye, layin ba zai gudu ba.

To, buɗe ƙullin da na aiko. Adikai ne za ki gani, farare da suka ɗan yi ja saboda tsufa. Ki shafa ki ji kaurin saƙar, ba irin yadin kanti ba ne. Kin san farin ƙyallen nan da ke ƙasan akwatina, wanda na hana ku ko taɓawa? Shi ne. Uwar Inna ce ta kaɗa zarensa da hannunta a can gida, aka saƙa, aka haɗa ƙwarya ƙwarya ya zama babban mayafi. Ta ba Inna ranar rabuwa, ta ce ta yafa shi ranar tsayuwar Arfa, ta tsoma shi a ruwan zamzam, in ajali ya zo ya zama likkafaninta. Ya ƙetare duk dajin da suka ƙetare a kan Inna. Da za ta rasu na ce za mu sa ta a ciki, ta ce a'a, bai sha zamzam ba, a sa ta a yadin kasuwa, ni in ƙarasa da shi. Na ninke shi na sa a ƙasan akwati da ɗan turare. Ban taɓa yafa shi ba ko da sallah. Ban ma taɓa warware shi in kaɗe ba, don kada hannu ya ɓata shi kafin ranarsa.

Da aka ce tafiyarku ta tabbata, tun kafin wannan saƙon naki na banza ya iso, na ce Asabe ta ciro shi in ba ki ki kai. Muka kama gefe da gefe za mu buɗe. Ban gani ba, ji na yi. Wani ɗan sauti, kamar ana yage busasshen ganye. Asabe ta yi salati. Duk inda ninki ya bi ya ruɓe, ƙyallen ya rabu a hannunmu gida gida. Ba gara ba ce, ba ɓera ba, ajiya ce kawai ta cinye shi. Na zauna a ƙasa da guntaye a cinyata. Mata biyu sun ba da ransu ga ƙyallen nan, ni ta uku na kashe shi da tattali. Ranar na ce wa Allah abubuwan da sai da na yi istigfari daga baya.

Kada ki ajiye abu mai kyau kina jiran rana mai kyau. Ki sa shi, ki wanke, ya tsufa a jikinki. In dole ne ki ajiye ƙyalle, ki riƙa fito da shi kina kaɗewa, kina sauya masa ninki.

Da na gaji da kuka na bi guntayen da yatsa, sai na ji tsakiyar kowane gida da sauran ƙarfi, kuma faɗinsa bai wuce na adiko ba. Mayafin Arfa dai ya tafi, likkafani ya tafi. Na ce to, ko a matsayin abin share majina ne sai ƙyallen nan ya ga Makka. Asabe ta zare zare ɗaya a kowane gefe ta bi layin da almakashi don bakin ya miƙe, haka ake yi, ki riƙe. Ita ke sa mini zare a allura, abin da nake yi da ido rufe a da don in burge ku. Sauran kuwa ni na yi da lalube. Na ninka bakin sau biyu siriri, na danne da farce, na kalmashe da ƙananan taku, yatsa yana gaba allura tana bin sa. Na soki kaina har na daina ƙirgawa, in kin ga ɗigon da wanki bai fitar ba, nawa ne. Sannan na ɗauko tsohon kwarashina na bi gefen da saƙa, don kwarashi ba ya neman ido wurin wanda ya daɗe da shi. Mai jan baki naki ne, mai baƙi na mai gidanki, masu kore na yarinya, don ita ta fi ɓatawa. Asabe ce ta miƙo mini launukan, in an sami kuskure ki san wanda za ki zaga. Layin ba zai miƙe kamar na da ba. Kada ki nuna wa matan Abu Hujar ki ce aikin uwarki ne, ki bar ni da ɗan sunan da na yi.

In Allah Ya kai ku, ki jiƙa na yarinya a zamzam ki share mata fuska da shi. Sunan Inna gare ta. Ki kira sunan da ƙarfi a wurin, ni ba na iya faɗarsa, ke kina iyawa. Kada ki wahalar da kanki neman wanda zai kawo mini wani abu. Ba na son dabino, ba na son tasbaha.

Kada kuma ki ce wa zai kula da ni. Asabe tana nan, bakinta ya fi hannunta sauri amma zuciyarta mai kyau ce. Batul tana aiko mini da shayi kowace safiya. Sani yana leƙowa in ya sami hutu. An ɗaura mini igiya daga ƙofar ɗaki zuwa bayan gida, ina bi ba mai riƙe ni. Ba daɗi nake ji ba, ba zan yi miki ƙarya ba. Akwai ranakun da nake farkawa in rasa dalilin da zai sa in tashi zaune. Ina son jin muryarki a tsakar gidan nan fiye da yadda nake son idona ya dawo, Allah Shi ne shaida. Amma in kin zo ba zan gan ki ba, Kulu. Fuskarki da ke cikin kaina ita ce dai zan ci gaba da gani, kina Sinnar ko kina bayan teku. Abin da zuwanki zai ƙara mini ɗaya ne, in riƙa jin takunki a gidan nan ina sanin na mayar da ke ni.

Saura abu ɗaya. Ki duba kusurwar kowane adiko, za ki ga jelar zare tana lilo. Ban ƙulla naku ba, ku matafiya ne, haka Inna ta ce a yi. Ranar da kika isa inda za ki zauna, can ne ko kuwa kun dawo Abu Hujar da niyyar zama, ki ƙulla su da hannunki, ki datse jelar.

Guda ɗaya na riƙe wa kaina, mara launi, shi nake share idona da shi, kuma na gaya wa Asabe a rufe mini fuska da shi ranar da za a fitar da ni. Jiya da la'asar na gama bakinsa. Na zo ƙarshe na tsaya da zaren a hannu, sai na ce Asabe ta nuna mini yadda ake yi. Ta yi dariya ta zaci wasa nake, mace ta tsufa da allura a hannu ba ta iya ƙulli ba. Da ta ga ba wasa ba ne sai ta kama yatsana ta naɗa zaren ta ja. Na sake wani a kansa ni kaɗai. Daga nan na lalubi labulen ƙofa na ƙulle shi sama da ƙasa. Ni na iso, Kulu. Nan ne.

Na hana kawunki ya gaya mini ranar tashinku, don kada in zauna ina kasa kunne. In jirgi ya tsaya a Sinnar zai daɗe, za ki ji masu mota suna kiran Wad Haddad. Ki zauna a inda kike. Ki ciro mai jan bakin ki rufe fuskarki ki yi kukanki, don haka aka yi shi, yana wankuwa. Kada ki ɗaga shi sai kin ji ƙarar ƙarfe a kan gada, kun ƙetare kogi kun nufi Dindir.

Na yafe miki nonon da kika sha da duk abin da kika sani da wanda ba ki sani ba, duniya da lahira. In kika sauka ne kawai ban san yadda zan yi da ke ba. Allah Ya buɗe muku hanya, Ya kwantar muku da teku, Ya tsare idon 'yar nan da naku, Ya haɗa ku da mutanen kirki a duk inda kuka sauka. Allah Ya kai ƙafarki inda tawa da ta Inna ba su kai ba. In kin tsaya a wurin ki ambace mu, mu da muka kwana a hanya. Allah Ya sada mu a inda ba a rabuwa, amin.

Wassalam. Ni ce uwarki, kada ki sauka.